Shekarar da Aka Shanya Littattafanmu Kamar Shinkafa

Ku da kuke wucewa ta ƙofar shagonmu kuna cewa Balki ta samu banza, zama kawai take yi tana karanta soyayya, ku matso kusa. Musamman ke Zainabu, ƙanwata, da kika je kika gaya wa Inna cewa da zarar na tafi makarantar gaba ke za ki gaje ni, wai ai aikin ba wuya. Na shiga sana'ar hayar littafi tun ina ƙaramar sakandare, yanzu ga ni ina shirin gamawa. A lissafina na tsufa a cikinta. Bayana har ciwo yake yi idan hadari ya haɗu.

Shagon ɗaki ne a jikin zauren gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar babanmu, a Gwadangaji. Ita ta koyi sana'ar a Argungu, wurin wata Hajiya da ta riƙe ta tana yarinya, kuma har gobe can take zuwa ɗauko sababbi da yin musayar tsofaffi. Ranar da na fara, na zo da gyalena mai kyau, na zaɓi kujera, na miƙa hannu zan ɗauki wani littafi mai hoton mota a bango. Gwaggo ta buge hannun. Ta miƙo mini ƙusa, da guduma, da basilla, da ƙullin zaren ɗinkin buhu.

"Nan ba ɗakin karatu ba na," in ji ta. "Asibiti na."

Aikin farko da na koya shi ne ɗinki. Sabon littafi ba ya fita haya yadda ya zo, don wayar da aka maƙale shi da ita ba ta jure hannu biyu, balle hannun matan unguwa guda. Sai ka ɗora shi a kan katako, ka huda gefensa da ƙusa, nesa da rubutu, ka bi da basilla ka ɗaure ta baya. Sannan ka yanko takardar buhun siminti, ka shafe ta da sitati dafaffe, ka yi masa riga. A cikin sitatin ana ɗiga kananzir, in ba haka ba kyankyasai su riga kowa karanta shi. Daga nan a danne shi da dutsen niƙa ya kwana. Makon farko na huda babban yatsana sau da yawa har na fara tunanin in na sha ruwa zai tsiyaye ta nan.

Aiki na biyu shi ne dubawa. Duk littafin da ya dawo sai ka bi shi shafi-shafi, musamman ƙarshe, saboda akwai masu yage shafin da aka ɗaura aure su ajiye ƙarƙashin matashi. A nan na gane cewa babu mai karatun da ba ya barin alama. Wata tana naɗe kusurwa. Wata ɗanta na goye yana gatsar gefe, ka ga sawun haƙora biyu. Wata lalle ne, wata miyar kuka. Iya Bola kuwa, Bayarabiyar nan mai sayar da manja da garin rogo a kasuwa, wadda ta zo Birnin Kebbi tun ba a haife ni ba kuma Hausarta ta fi tawa Kabanci, ita duk shafin da ya ba ta haushi sai ta dangwala masa yatsa. Littafin da ya fito daga hannunta ja-ja-ja, to ka san akwai mugun miji a ciki.

Amma ainihin sana'ar a baki take. Da la'asar nake ɗaukar jaka in shiga gida-gida wurin matan aure. A waya ma ana karatu yanzu, na sani, amma waya tana mutuwa a daidai inda ake buɗe ƙofa a ga wanda ya yi sallama, kuma wuta ba ta dawowa don tausayinka. Littafi ba ya neman caji. Sai dai babu wadda ta san sunan littafi. Abin da za ka ji shi ne, "Ba ni na likitar nan mai faɗa," ko "mai jan bango da Luba ta yi kuka." Kai kuma dole ka san wanda ake nufi. Idan sabo ne, sai ka ba da ɗanɗano: ka faro labarin, ka ja shi har ka ga an ajiye ludayi an juyo, sai ka yi shiru ka fara gyara ɗankwali. Ƙarshe kuwa ba a faɗa. Ko an roƙe ka da girman iyaye. Anti Luba, wata matar malamin makaranta da ke karatu kamar ana korar ta, ta taɓa tsare ni da kwanon dambun nama.

"Balki, ke dai hwaɗa min, ya aure ta ko bai aure ta ba?"

Na cinye dambun tas, na sha ruwa, na ce, "Anti, ni ma a nan nit tsaya." Har ƙofar gida ta biyo ni da muciya.

Maza ma suna zuwa, amma ba su taɓa karɓar wa kansu ba. Malam Bawa, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, yakan zo da carbinsa da jarida a hammata, ya kalli sama ya ce, "Iyali sunka aiko ni. Wai kashi na ukku." Ya sa littafin a tsakiyar jaridar ya tafi da sauri kamar wanda ya sayi abin kunya. Gwaggo ta hana ni dariya sai ya sha kwana.

Ranar Asabar ita ce ranar zama. Matan suna taruwa a tsakar gidan Gwaggo bayan azahar, kowacce da abin da take karantawa a hannu. A nan ake buɗe sababbi, a nan ake rigimar wa zai fara, a nan ake zagin mutanen da ba a taɓa haifa ba kamar maƙwabta ne. Na taɓa ganin mata biyu sun yi mako ba sa gaisawa a kan ko wata Amira ta kyauta da ta koma gidan mijinta.

To, sai shekarar da ruwa ya ci shinkafar fadamar Zauro. Mijin Gwaggo, Baba Mamman, manomin shinkafa ne tun kakanni, kuma a wannan damina ko damin kirki bai fitar ba. Yana gida zaune, tamfol ɗinsa na shanya a naɗe, hannunsa yana ƙaiƙayin aiki. Ni da Gwaggo muka tafi Argungu ɗauko sababbi, da niyyar mu juyo a ranar. Aka tsuge da ruwa kamar an fasa sama, hanya ta ɓaci, muka kwana biyu a gidan Hajiya. Ashe a Gwadangaji iska ta yaye kwanon shago, ruwa ya sauka a kan kantar littattafai daga sama har ƙasa.

Baba Mamman mutumin kirki ne, ina so a rubuta wannan kafin in ci gaba. Da rana ta fito ya kwashe littattafan ya baza a waje. Ya ga sun kumbura kamar burodi, waje ya bushe ciki yana ɗiga. A saninsa, abin da ke dunƙule ba ya bushewa, sai an warware shi. Ya ɗauko wuƙa ya bi zaren nan da na zubar da jinina a kansa, ya tsinke shi ɗaya bayan ɗaya. Ya shimfiɗa tamfol, ya baza takardu. Kuma da yake shanya ba ta kyau sai ana juyawa, ya ɗauko manjagara ya yi ta kai da komo, yana bi da ƙafa yana ja, daidai yadda yake yi wa shinkafa. Da suka bushe ƙayau ya share su wuri ɗaya, ya ɗura a buhuna, har da ɗinke baki.

Mun sauka daga keke muka tarar da shi a ƙofar gida yana murmushi, buhuna a jere a bayansa.

"Asabe, kwantar da hankalinki, ko ɗaya bai ruɓe ba," in ji shi. "Bangon ma na ware shi daban, ga shi can cikin kwando."

Gwaggo ta kwance bakin buhu ɗaya, ta zura hannu, ta ɗebo. Ta duba na farko, ta duba na biyu. Ta dubi mijinta tsawon lokacin da za a iya dafa shayi. Ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

"Mi na yi kuma?" Baba Mamman ya tambaye ni a hankali. "Ba lamba gare su ba?"

Lamba gare su, gaskiyarsa. Amma kowane littafi a duniya yana da shafi na ashirin. Littattafanmu kuma girmansu ɗaya, rubutunsu iri ɗaya, yawancinsu babu suna a saman shafi, kuma a cikin kowanne akwai Alhaji, akwai Hajiya, akwai wata Amira mai dogon gashi. Na zauna na gwada ni kaɗai. Na haɗa wani da nake ganin ya yi daidai, na karanta: a wannan shafi Alhaji ya rasu a hatsarin mota ana ta kuka, a na gaba yana zaune yana neman ƙarin miya.

Washegari Gwaggo ta aika aka kira Kulu mai ƙosai, wadda ke suya a bakin titinmu safe da yamma. Daga kwance ta yi mata magana.

"Kulu, ran Asabar da la'asar ki zaka da baro ki kwashe buhunan ga duka. Ki naɗe ƙosai da su. Ba ni son in ƙara ganinsu."

Kulu ta yi godiya har da durƙusawa, don takarda ta yi wuya a lokacin. Ni kuwa na san abin da wannan ke nufi. Yawancin tsofaffin nan an daina buga su, ko Kano ka je ba ka samu. Sababbin da muka zo da su daga Argungu ba su cika jaka ɗaya ba. Shinkafar da za a sayar a sake zuba kaya kuma tana ƙarƙashin ruwa a Zauro. Idan buhunan suka fita daga gidan, shago ya mutu ke nan, kuma Gwaggo ba ta magana biyu.

Na ɗauki jakata babu komai a ciki na shiga gidaje, wai karɓo waɗanda ke waje. A kowane gida na ba da labarin, kuma ban rage masa gishiri ba. Na ce daga ranar Lahadi duk wadda ta sayi ƙosai za ta ci shi a cikin likitar nan mai faɗa. Anti Luba ta dafe ƙirji. Iya Bola ta rufe galan ɗin manja ta ce, "Ran Asabar ba ni buɗa shago. Ki shimhiɗa tabarmi tun da sahe, kuma ki ɓoye manjagaran nan."

Asabar tun hantsi tsakar gida ta cika. Wasu da goyo, wasu da tsintar shinkafar da ba su gama ba. Baba Mamman ya ga taron ya nemi sulalewa, Iya Bola ta tare shi ta ce tunda ya iya shanya sai ya tsaya ya riƙa danne takardu da duwatsu kada iska ta ƙarasa aikinsa. Gwaggo tana ɗaki, labule a sake.

Muka juye buhu ɗaya kawai. Da farko aka ware ta launi, don tsohuwar takarda ta yi ruwan ƙasa, sabuwa fara ce. Sannan kowa ta shiga neman alamarta. Iya Bola tana ɗaga shafi ta ga jan yatsa sai ta ce, "Wanga nawa na, na mutumin da ya saida filin marayu." Mai goyo ta gane haƙoran ɗanta a shafuka da yawa har ta fara alfahari. Wanda ba shi da alama sai a ɗaga a karanta layin ƙarshe da ƙarfi, wadda ta san ci gaban ta amsa, a nemo shafin da ya fara da haka. Muka kuma gano wani sauƙi: manjagara tana jan abu ne kusa-kusa, don haka 'yan littafi ɗaya sukan faɗa buhu ɗaya. Na gaya wa Baba Mamman haka don ya ji sanyi. Ya ce dama da dabara ya yi.

Wajen azahar muka maƙale. Anti Luba ta ɗaga wani shafi ta karanta inda wata yarinya ta fizge makullin mota ta jefa a rijiya. Aka sake karantawa. Babu wadda ta sani. Sai muka ji gyaran murya daga zaure, inda Malam Bawa yake zaune tun safe, wai ya zo jaje.

"Na ɗiyar mai gidan burodi na, kashi na biyu," in ji muryar. "Bayan nan direban ka shiga rijiyar da igiya."

Iya Bola ta gyara zama ta fuskanci zauren.

"Malam, halan iyali sunka ba ka labari?"

Malam Bawa ya ce, "Awo."

"To Allah shi ƙara ma iyali basira. Jawo tabarmarka bakin labule, muna da tambayoyi da yawa da za ka kai musu."

Daga nan ni ce mai kai takarda zaure in dawo da amsa. Iyalin Malam Bawa ba su yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Kafin la'asar mun haɗa littattafai 'yan kaɗan cif, wasu kuma saura ƙiris. Amma Gwaggo ba ta ko leƙo ba, kuma in ba ta janye maganarta ba duk wahalar banza ce. Sai na ɗauki wanda ya kammala, da katako da ƙusa, na je daidai ƙarƙashin tagarta na zauna. Na ɗaga murya na ce, "Anti Luba, nan tsakiyar rubutun zan huda ko? Ai ya fi ƙarfi." Na buga guduma a kan katako, ƙwal, ƙwal. Ban kai ga na uku ba labule ya yaye.

"Ke, wane jahili ya koya miki huda cikin rubutu?"

Ta fizge littafin. Ta duba ta ga babu huda. Ta harare ni. Amma ya riga ya shiga hannunta, kuma hannun Gwaggo ba ya riƙe littafi bai bi shafukansa ba. Ta bi shi tun daga farko har ƙarshe a tsaye, tana lasar yatsa. Da ta kai ƙarshe ta zauna a kan turmi ta ce, "Miƙo min basilla."

Ana cikin haka muka ji ƙarar baro. Kulu ce, ta zo har da igiyar ɗaure kaya. Ta dubi tsakar gida, ta dubi Gwaggo da basilla a hannu, fuskarta ta canza.

"Asabe, ke kika ce in zaka. Mai kawo min takarda ma na sallame shi saboda ke."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. "Ni nic ce. Ba ni tashe magana. Ki kwashe."

Na ce, "Inna Kulu, zauna ki sha ruwa kafin a ɗaure miki." Ta zauna a bakin baronta. Kulu ba ta yi boko ba, ba ta taɓa karɓar littafi a wurinmu ba. Na ɗauko na ɗiyar mai gidan burodi, wanda muka haɗa rabinsa, na ce bari in duba ko ya jeru. Na fara karantawa da ƙarfi. Na yi muryar yarinyar, na yi ta ubanta, na yi ta direban da ke sonta ba ya iya faɗa. Kofin ruwa ya tsaya a hannun Kulu. Na kai inda direban ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka rijiya, igiyar ta fara tsinkewa sili-sili. Sai na rufe, na fara gyara ɗankwali.

"To, sai mi?" in ji Kulu.

"Nan muka tsaya."

"Ya hito ko bai hito ba?"

"Sauran yana cikin buhunan nan naki, Inna. Wanda ya sayi ƙosai gobe shi zai sani."

Ta juya ga matan. Kowa ta kau da kai. Ta ɗaga murya wajen zaure ta ce, "Malam, kai hwa?" Malam Bawa ya ce iyali ba su kai nan ba.

Kulu ta miƙe, ta naɗe igiyarta, ta jefa a baro. "Ku gama tsince-tsincenku. Wanda ya rage ba shi da dangi, shi za ku ba ni. Amma ranar da anka haɗa na direban ga, a kira ni." Ta tura baronta fanko ta fita. Gwaggo ta saki wani dogon numfashi, ta ce a ɗora tukunya, yau kowa a nan zai ci.

Aikin ya ci makonni. Baba Mamman ya gyara rufin da kansa, kuma har yau in ya ga littafi a ƙasa sai ya zagaye shi. Ba duka muka ceto ba, amma kanta ta sake cika fiye da rabi, muka buɗe shago. Abin da ya rage marar dangi, wajen rabin buhu, muka kai wa Kulu. Na direban kuwa ya haɗu duka sai takarda ɗaya, ta ƙarshe. Mun juye kowane buhu ba mu gan ta ba.

Sai layin ƙosai ya fara tsawo a titinmu. Ashe Kulu ba ta naɗe wa kowa sai ta miƙa masa takardar ta ce ya karanta mata layi biyu tukuna. Wanda bai iya ba ya jira mai iyawa. Ƙosai yana ƙonewa, mutane suna ƙorafi, ita ko a jikinta.

Wata safiya ina sharar shago sai ga ta da sauri, zane a ɗaure sama, takarda a hannu ta jiƙe da mai har ana ganin rana ta cikinta.

"Ga shi. Hannun wani mai keke nik ƙwato shi, ya ce ya ga rijiya a ciki. Har ya goge baki da gehe guda."

Ita ce. Gwaggo ta goge ta da toka, ta ɗinke ta a wurinta, ta miƙo mini. Kulu ta zauna a kan benci ta harɗe hannu, ta bar kaskonta a kan wuta a hannun maƙwabciya. Na karanta mata daga inda igiya ta fara tsinkewa har layin ƙarshe. Na rufe littafin.

Kulu ta kalli bango.

"Shi ke nan? Duk wahalar ga da ya sha, sai ta auri ɗan kawunta?"

"Haka aka rubuta, Inna."

"Da na sani da na bar ma mai keke abinai." Ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya. "Wane na kuma kuke da shi mai direba?"